Mayen Ƙarfe a Gwangwanin Alhaji Ukasha

Akwai wani bawan Allah a unguwar Jega Firchin ana ce masa Audu mai gyara. Ba wani babban shago gare shi ba. Zauren gidansu ya raba da katako, ya kafa teburi a gefen da ke kallon titi, nan yake gyaran waya da rediyo da duk wani abu mai cin wuta.

Matarsa Ummukulsum tana daga ciki. Katanga ɗaya ce tsakanin murhunta da teburinsa, don haka duk abin da aka faɗa a shagon yana shiga kunnenta ko tana so ko ba ta so. Mace ce mai kunya ƙwarai. Ko sunan mijin ba ta kamawa, Baban Hanan take cewa, shi ma a hankali. Idan baƙo namiji ya yi sallama, daga bayan labule take turo ruwa ta janye hannunta.

Audu yana da wata ɗabi'a da ke ba ta dariya. Ba ya iya wuce 'yan gwangwan bai tsuguna ya tona kayansu ba. A wurinsu ya samo wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya kamar tukunyar biki. Daga baya kuma ya samo wani ɗan akwati baƙi, shimfiɗaɗɗe, da waya a bayansa kamar jelar ɓera. Ya ce mata wannan shi ke karanta disket.

Disket, ga waɗanda ba su riske shi ba, ɗan faifai ne mai kusurwa huɗu, bai wuce tafin hannu ba, da ɗan ƙarfe a bakinsa. Duniya ta daɗe da barin sa. Amma a ƙasarmu akwai masu injin surfani, waɗanda ke yin aikin kwamfuta a wuyan riga da gaban kaftani. Yawancin injinansu tsofaffi ne da aka sayo na hannu, kuma ba su san wani abinci ba sai disket. Cikinsa zanen yake. Idan babu shi, injin tulin ƙarfe ne kawai.

Audu ya daɗe a kan ɗan akwatin nan. Ya buɗe shi, ya goge cikinsa da auduga, ya sake masa waya, ya jona shi da tsohuwar kwamfutar. Ranar da ya tashi, Ummukulsum tana tankaɗe ta ji wani ƙirr-ƙirr kamar ɓera na cin gyaɗa, sai kuma muryar mijinta yana hamdala shi kaɗai.

Daga nan teloli suka fara zuwa daga Aliero da Maiyama. Wani disket ɗinsa ya fara gajiya, yana so a kwafe zanen kafin ya mutu. Wani kuma an sa wa injinsa sabon baki mai cin filashi, yana so a ɗebe masa zanen daga tsohon faifai zuwa sabo. Duk yankin babu mai irin wannan akwati sai Audu. Bai taɓa tsawwala wa kowa ba, bai kuma taɓa riƙe zanen wani ba. Suna ya yi na mai amana, kuma da sunan nan suke ci suke sha.

To, ana nan sai ga Alhaji Ukasha.

Alhaji Ukasha shi ne babban mai surfani na Aliero. Idan manoman albasa suka sayar da kaya, hannu ya yi nauyi, wurinsa ake layi. Abin da ya ɗaga shi wasu zanuka ne da mahaifinsa ya sa aka tsara tun yana raye, babu mai irinsu, kuma ko almajiran shagonsa ba ya bari su taɓa faifan. Sai ga shi bakin da ke karɓar disket a injinsa ya mutu, alhali ya karɓi ɗinkin angwayen wani babban biki a garin Sabiyal.

Ummukulsum ta ji tsayawar babur, ta ji ƙamshin turare ya rigayi mai shi shigowa. Bai zauna ba. Audu ya goge masa benci, ya ce a'a, rigarsa fara ce.

"Kai na Audu? An ce kana da wani tarkace mai karanta disket."

Audu ya amsa da ladabi, ya yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce zai sa wa injin sabon baki mai cin filashi, amma sai an bi da zanukan ta cikin kwamfutarsa kafin su koma filashin. Ya ce ya fara kawo guda ɗaya, wanda ba shi da wani muhimmanci, a gwada.

"To bayan zanen ubana ya shiga cikin wagga tukunya taka, wa za shi hidda shi?"

"A gabanka za ni goge shi, Alhaji."

Alhaji ya yi wata dariya ta hanci. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya san halin masu gyara, kuma ba shi da lokacin gwaji. Gobe ranar kasuwa zai zo da waɗanda yake buƙata, a yi a gama yana tsaye.

Da daddare wajen cin tuwo Ummukulsum ta ce wa mijinta ita dai mutumin nan bai kwanta mata ba. Audu ya ce mai abu ai dole ya ji tsoron abinsa, kada ta ga laifinsa.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ya faru a Aliero a wannan yammacin, tun kafin zuciyar wani ta fara zargin bawan Allah.

Duk tela yana da mayen ƙarfe. Da shi ake tsince fil da allura idan sun zube. Na Alhaji babba ne, daga cikin wata tsohuwar lasifika aka ciro shi, yana zaune a gindin wani gwangwanin biskit da fil manne a jikinsa kamar bushiya. Faifan zanen kuwa tun zamanin mahaifinsa a cikin akwatin katako suke, can nesa, ba su taɓa haɗuwa da shi ba.

Amma Alhaji ba ya so kowa ya ga ya fita da akwatin katakon, kada a san dukiyar ta bar shago. Sai ya zaɓi mafiya daraja a cikinsu, na mahaifin nasa duka, ya jera su cikin gwangwanin fil, daidai kan mayen ƙarfen, ya danne murfi. A ganinsa ya yi dabara, wa zai kalli gwangwanin fil sau biyu? Bai san mayen ƙarfe yana shafe abin da ke cikin disket kamar yadda ruwa ke wanke allo ba. Cikin nan suka kwana.

Washegari kasuwar Jega ta cika, titin gaban gidan Audu ba masaka tsinke. Alhaji ya iso da gwangwani a ƙarƙashin babbar riga. Ummukulsum ta leƙa ta gefen labule ta ga yadda yake yi. Zai juya baya, ya ɗan ɗaga murfin a cikin riga, ya zaro guda ɗaya ya miƙa. Audu ya ce ya ajiye su duka a teburi mana, ya ce ba ruwansa da inda suke.

Jama'a, da ya ajiye gwangwanin nan a fili, da kallo ɗaya Audu zai gane.

Aka sa na farko. Akwatin ya yi ƙirr-ƙirr, ya yi shiru. Babu komai. Aka sa na biyu, haka. Audu ya ɗauko wani disket nasa ya sa, nan take ya buɗe, ya nuna wa Alhaji cewa akwatin lafiyarsa ƙalau. Ya ce a dakata haka nan, akwai abin da ya sami faifan, a bincika tukuna. Ya tambaye shi ko sun jiƙe, ko sun sha rana, ko a ina aka ajiye su.

Tambayar nan ce ta tayar da Alhaji. Ya ce wato shi za a mayar mahaukaci. Ya tilasta aka sa sauran ɗaya bayan ɗaya, duk fanko. Sai ya fita bakin titi ya ɗaga murya.

"Ku zo ku ga ɓarawon zaune. Ya shanye zanen ubana cikin kwamfuta tai, ya bar mani hwanko. Gobe za ku gan shi bisa wuyan rigunan Maiyama."

Mutane suka taru. Masu tallan rake, 'yan acaɓa, mata masu komawa Alelu da kayan cefane, kowa ya tsaya. Audu ya fito yana rantsuwa, yana cewa a zo a duba kwamfutar, duk wanda ya iya ya duba. Wa zai duba? Ba wanda ya san yadda ake yi. Su dai sun ga Alhaji mai farar riga yana huci, sun ga mai gyara da baƙin mai a hannu.

Alhaji bai tsaya nan ba. Ya ce duk mai kawo waya wurin nan ya sani, abin da ke cikinta an kwashe, hotunan iyalinku da maganganunku suna cikin tukunyar nan. Sannan ya koma cikin shagon, ya fizge ɗan akwatin har wayar ta tsinke, ya ɗaga shi ya buga da dakalin siminti. Bai ishe shi ba, ya sa dunduniyar takalmi ya murje.

Ummukulsum tana bayan labule da Hanan a goye. Ta so ta yi magana, kunya ta hana ta. Ta ga mijinta ya tsuguna a gaban mutane yana tsince gutsattsarin. Wannan tsugunon ya fi zagin yi mata ciwo.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar muni.

Kafin magariba mutum uku sun zo karɓar wayoyinsu, ɗaya ma a buɗe take ba a gama ba, ya ce a ba shi haka nan. Kwana biyu sai labarin ya yi 'ya'ya. Aka ce Audu yana sayar da hotunan matan aure. Aka ce ai dama wannan ƙatuwar kwamfutar ba ta Allah ba ce. Audu, mutumin da ya shekara yana gyara lasifikar masallacin unguwa kyauta, sai ga shi yana shiga sahu ana ɗan matsawa.

Ranar sunan wata maƙwabciyarsu Ummukulsum ta daure ta je. Tana zama, ta ga matar da ke kusa da ita ta ɗauke wayarta daga kan tabarma ta tura ƙarƙashin cinya. Wata tsohuwa mai suna Kyauta, wadda ba ta iya ɓoye magana, ta ce mata, "Ɗiyata, ki ce ma mijinki shi ji tsoron Allah." Ummukulsum ba ta taɓa abincin ba. Ta saɓa 'yarta ta dawo gida, ta shige ɗaki ta yi kukan da ba ta yi ba ranar kasuwa.

Ta ce wa Audu ya kai ƙara wurin mai unguwa. Ya ce da wace shaida? Shi kansa bai san abin da ya cinye faifan ba. Ya ce Allah yana gani. Ta ce ta san Allah yana gani, amma mutanen Jega ba sa gani, kuma cikinsu Hanan za ta tashi ana ce mata 'yar ɓarawo. Kullum zai buɗe shago ya share, ya zauna har la'asar, ba mai tsayawa.

Shi kuwa Alhaji Ukasha, biki yana matsowa, injin yana kwance. Ya tuna da Malam Khalil na Maiyama, dattijon tela, abokin mahaifinsa, mai irin injinsa sak, wanda bakin disket ɗinsa ke aiki har yanzu. Ya ce bari ya je ya sa faifan a can, ko Allah zai sa Audu ya rage wani abu. A zuciyarsa kuma yana so ya leƙa ko zanen ya riga ya iso Maiyama.

A gaban dattijo babu damar ɓoye-ɓoye. Malam Khalil ya karɓi gwangwanin da kansa ya buɗe. Ya ɗaga disket na ƙasa, ya ji yana turjewa, ɗan ƙarfen bakinsa ya manne da wani abu. Ya ture fil ɗin da yatsa.

"Ukasha, cikin nan sunka kwana?"

Ya ce eh.

"To kai kak kashe su. Ubanka bai taɓa hwaɗa maka dalilin da ya sa ya yi musu akwatin icce ba?"

Dattijon ya ɗauko wani disket da ba ya so, ya sa a injin ya nuna masa zanen ciki. Ya cire, ya goga shi a kan mayen ƙarfen, ya mayar. Babu komai.

Malam Khalil bai rage masa ba. Ya ce labarin abin da ya yi a Jega ya iso Maiyama tun ranar. Ya ce akwatin da ya murje ba na Audu kaɗai ba ne, na duk mai injin surfani ne a ƙasar nan, shi ma can yake kai nasa. Ya ce sauran faifan da ya bari a gida, ƙananan zanukan, suna nan da rai, amma abin da zai ƙetarar da su zuwa filashi shi ne wanda ya sa wa dunduniya. Ya karɓi ɗinkin angwayen ya yi da nasa zanen don kada biki ya ɓaci, ya kuma ce masa ya san inda ya kamata ya nufa.

Kun san lokacin da Alhaji ya zaɓa ya zo? Bayan azahar, ranar da ba kasuwa, rana ta take, titi fayau. Ya kashe babur tun daga nesa ya turo shi. Ya zo da buhun albasa a baya.

Wannan karon ya zauna a bencin, bai tuna da farar riga ba. Ummukulsum tana jin sa yana magana ƙasa-ƙasa, yana cewa sharrin shaiɗan ne, ɓacin rai ne, abin da ya wuce ya wuce, a bar shi tsakaninsu. Ta san mijinta. Ta ji ya ja numfashi, ta san kalmar da za ta biyo baya ita ce ba komai.

Ba ta san lokacin da ta isa bakin labule ba. Ba ta ɗaga shi ba, daga bayansa ta yi magana.

"Alhaji, ka yi mani haƙuri, ba halina ba na in sa baki cikin zancen maza. Amma ran da kaz zage shi, kasuwa na ci. Yau ko akuya babu bisa titi. In wanki kaz zo yi, ka yi shi inda kaz zuba dauɗar."

Audu kansa bai taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka a gaban baƙo ba. Alhaji ya dubi Audu ko zai tsawata mata. Audu ya dubi ƙasa, can ya ce, "Gaskiya tag gaya maka, Alhaji. Ka koma da albasarka tukuna."

Ranar kasuwa ta zagayo, Alhaji ya dawo, Malam Khalil yana biye da shi. Ya tsaya a kan dakalin nan da ya fasa akwatin, ya fara magana kamar mai ciwon haƙori. Dattijon ya ce masa ya ɗaga murya, ranar zagi ai ba haka aka ji shi ba. Ya ɗaga. Ya buɗe gwangwanin ya nuna wa mutane mayen ƙarfen. Ya ce Audu bai ɗauki komai nasa ba, maganar waya da hotuna kuma ƙarya ce, shi ya ƙaga ta cikin fushi.

Audu ya ce ya yafe. Amma waɗanda suka ji zagi ba su ne duka suka ji wankin ba. Wasu suna Alelu, wasu suna Sabiyal, sun tafi da ƙaryar sun shuka ta a can. Ummukulsum tana bayan labule tana wannan tunanin, sai ta ji Alhaji ya rage murya yana tambayar yadda za a yi da sauran faifansa.

Audu ya ce akwatin dai ya mutu, abin da ke karantawa a cikinsa ya karye, ba ya gyaruwa. Ba a kuma sayar da irinsa a shagunan nan. Sai dai a dace a wurin 'yan gwangwan, shi ma can ya dace. Ya ce idan Alhaji ya samo, ko matacce ne ya kawo, zai yi iya ƙoƙarinsa ya tayar da shi.

To, har yau da nake rubuta muku, ba a samu ba. Injin Alhaji yana lulluɓe da zani, ya koma keken ƙafa. Zanen mahaifinsa kuwa sun tafi ke nan.

Idan ka je kasuwar Jega, ko ta Aliero, ko ta Maiyama, ka nufi wajen 'yan gwangwan, za ka iske wani mutum mai jiki ya naɗe riga ya tsuguna cikin tsatsa, yana juya matattun rediyo da tsofaffin wayoyi, yana kwatanta wani ɗan akwati baƙi mai jela. Duk wanda ya gan shi sai ya tambaya, Alhaji, me ya kawo ka nan? Dole ya faɗi abin da yake nema. Sai a ce ai Audu na Jega yana da shi. Dole ya faɗi yadda aka yi babu.

Haka yake bi kasuwa-kasuwa, yana wanke Audu da bakin da ya ɓata shi. Ummukulsum kuwa yanzu idan za ta kai wa mijinta abincin rana, sai ta jira a bayan labule, don benci cike yake da masu jiran gyara.

Darasi: Kafin ka kira wani ɓarawo, buɗe naka gwangwanin ka duba. Mugun zato da girman kai su suka sa Alhaji ya ɓoye dukiyarsa a inda za ta hallaka, suka hana shi nuna ta ga wanda zai cece ta, suka sa ya fasa abin da shi kansa zai nema gobe. Kuma wanda ka ɓata a bainar jama'a, ba a lungu ake ba shi haƙuri ba, domin sunan talaka shi ne jarinsa. Ku tura wa 'yan uwa da abokan arziki, wataƙila ya riski wani kafin ya buɗe baki a kan bawan Allah da bai ji ba bai gani ba.